Waiwaye: Shekarar da jami'o'in Amurka suka rufe azuzuwa suka buɗe filayen ƙwallo

Ranar 11 ga Agustan 2020 shugabannin jami'o'i 14 na Big Ten, ɗaya daga manyan rukunonin wasannin jami'o'in Amurka, suka kaɗa ƙuri'a kan ko a buga ƙwallo a kakar ko a haƙura saboda korona. Guda 11 suka ce a ɗage, uku suka ce a buga. Bayan kwana 36 kacal waɗannan shugabannin suka lashe amansu, suka ce za a buga. A tsakanin nan cutar ba ta lafa ba, riga-kafi bai fito ba, a jami'o'i da dama ma ɗalibai na gida suna ɗaukar darasi ta intanet. To me ya sauya?

Kafin amsa, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana. Ba tamaular da muka saba ba ce. Ƙwallon Amurka ya fi kama da zari-ruga: ƙarti ne sanye da hular kwano suna karo da juna, numfashin wannan a fuskar wancan, kuma ƙungiya ɗaya takan tara 'yan wasa sama da 100. Kada kuma a kwatanta shi da wasannin NUGA na jami'o'in Najeriya. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum 107,601. A Nebraska, ranar wasa, mutanen da ke cikin filin jami'ar sun fi yawan mazauna kowane gari a jihar in ka cire Omaha da Lincoln. Kafin annobar, kowace tsohuwar jami'a a Big Ten tana karɓar fiye da dala miliyan 50 a shekara daga asusun rukunin, akasari kuɗin talabijin, kuma da kuɗin ƙwallo ake ɗaukar nauyin su ninƙaya da kokawa da guje-guje. A 2019 kocin Clemson, Dabo Swinney, ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 93 na shekara 10. Su kuwa 'yan wasan, a dokar lokacin ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ɗalibai ne masu wasa don sha'awa: tallafin karatu da abinci da ɗaki da ɗan kuɗin batarwa, amma babu albashi.

Ba wannan ne karon farko da annoba ta ci karo da wasan ba. A 1918 murar da ake jingina wa Sifaniya ta kashe Amurkawa kusan 675,000, kuma watan Oktoba, tsakiyar kakar ƙwallo, shi ne mafi muni. Ga Yaƙin Duniya na Ɗaya, an mayar da jami'o'i tamkar barikoki, sojoji sun taƙaita tafiye-tafiyen 'yan wasa. Jami'o'i irin su Alabama da Missouri ba su buga ko wasa ɗaya ba. Michigan ta buga biyar, ta cinye duka. Akwai wani tsohon hoto na 'yan kallo a filin Georgia Tech, sun yi sahu da takunkumi a fuska, wanda aka yi ta yaɗawa a 2020 ana cewa ai kakanni ma sun buga. Abin da masu yaɗa hoton ba su faɗa ba shi ne, a 1918 soke wasa asarar kuɗin ƙofa ce kawai. Babu kwantiragin talabijin da ke jiran a cika shi.

A 2020 kuwa asarar ta fara tun watan Maris. Ranar 12 ga wata NCAA ta soke gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i, wadda daga ita take samun mafi yawan kuɗinta, ta kuma zabtare abin da za ta raba wa manyan jami'o'i daga dala miliyan 600 zuwa 225. Daga nan hankali ya koma kan ƙwallon kaka. A watan Afrilu kocin Oklahoma State, Mike Gundy, ya yi suɓutar baki: ya ce yana son 'yan wasansa su dawo ranar 1 ga Mayu, tunda matasa ne masu ƙarfin jiki, kuma ana buƙatar kuɗi su ci gaba da zagayawa a jihar. Ya sha suka, ya nemi afuwa. Amma abin da ya faɗa a fili shi ne abin da saura ke lissafawa a ofis.

Shugaban NCAA na lokacin, Mark Emmert, ya kafa ƙa'ida a watan Mayu cewa inda babu ɗalibai a harabar makaranta, babu 'yan wasa. Magana ce mai ma'ana, sai dai ba shi da ikon tilasta ta. Babban matakin ƙwallon jami'o'i ba a hannun NCAA yake ba. Gasar fitar da zakara da kuɗin talabijin suna hannun rukunoni ne, musamman manyan biyar na lokacin: Big Ten, SEC, ACC, Big 12 da Pac-12. Kowane da kwamishinansa, da likitocinsa, da gwamnonin jihohinsa. Saboda haka aka shiga kowa tasa ta fisshe shi. Ƙa'idar Emmert ma ba ta kai ƙarshen Agusta ba: Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta mayar da darussa intanet mako ɗaya bayan buɗe makaranta saboda cutar ta ɓarke a ɗakunan kwanan ɗalibai, amma 'yan ƙwallo suka ci gaba da atisaye.

Waɗanda ba su da abin asara sosai su suka fara janyewa. Rukunin Ivy, na su Harvard da Yale, ya soke wasannin kaka ranar 8 ga Yuli. Connecticut ta bi ranar 5 ga Agusta, rukunin MAC ranar 8, Mountain West ranar 10, sai Big Ten da Pac-12 ranar 11. Babban abin da likitocin waɗannan biyu suka nuna shi ne kumburin tsokar zuciya, wanda kan biyo bayan kamuwa da ƙwayar cuta, kuma yana iya kayar da ɗan wasa ya mutu a fili in ya matsa wa jikinsa. Likitocin SEC da ACC da Big 12 sun duba bayanai iri ɗaya suka ce ana iya bugawa da taka-tsantsan. Abin ban mamaki, ɗan Kevin Warren, kwamishinan Big Ten na lokacin, yana buga wa Mississippi State ne a SEC. Uba ya ce wasan na da haɗari ga 'ya'yan mutane, ɗansa kuma yana shirin shiga fili. Iyayen 'yan wasa ba su bar wannan ta wuce ba.

A nan ne 'yan wasan suka buɗe baki, kuma a ganina wannan ne ɓangaren labarin da ya fi daɗewa yana aiki. Ranar 2 ga Agusta wasu 'yan wasan Pac-12 suka fitar da takardar buƙatu: kariyar lafiya, inshora, da rabin kuɗin shiga, ko su ƙaurace. Bayan mako guda Trevor Lawrence na Clemson da Justin Fields na Ohio State, taurarin wasan a lokacin, suka jagoranci kiran cewa su dai suna son bugawa. Hujjar Lawrence ita ce, da yawa daga abokan wasansa sun fi samun kulawar likita a makaranta fiye da unguwannin da za a mayar da su. Da alama ɓangarorin biyu sun saba, amma sai suka haɗa sanarwa ɗaya: muna son bugawa, amma da ƙa'idojin lafiya na bai-ɗaya, da 'yancin janyewa ba tare da rasa tallafin karatu ba, da ƙungiyar 'yan wasa da za ta riƙa magana da yawunmu. Wasu kuma, irin su Micah Parsons da Ja'Marr Chase, suka ce ba za su sa jikinsu a haɗari kyauta ba alhali kwantiragin gasar ƙwararru ta NFL na jiransu, suka zauna.

Siyasa ma ta shigo, don shekarar zaɓe ce, kuma Big Ten ta mamaye Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da Ohio, jihohin da ake kokawa a kansu. 'Yan wasan Nebraska takwas suka kai rukunin kotu. Donald Trump ya buga wa Warren waya ranar 1 ga Satumba, daga baya ya bugi ƙirji a muhawararsa da Joe Biden cewa shi ya dawo da ƙwallon. Big Ten ta ce gwajin gaggawa na kullum ne ya sauya lissafi, da gwajin zuciya, da dokar zaman kwana 21 ga duk wanda ya kamu. Gaskiya ne, gwajin ya samu. Amma ranar da aka yi sanarwar, 16 ga Satumba, ACC da Big 12 sun riga sun fara bugawa ana kallo a talabijin, kuma zama a gefe ana kallon maƙwabta suna kwasar kuɗi ba abu ne mai sauƙi ba. Pac-12 da Mountain West da MAC duk suka biyo baya cikin kwana 10.

An buga kakar, amma da ɗingishi. Fiye da wasanni 100 aka soke ko aka ɗage. Kocin Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) ya ce a zatonsa yawancin 'yan wasansa sun riga sun kamu. Kocin Florida ya nemi a cika filinsu da mutum 90,000, cikin mako guda cutar ta ɓarke a ƙungiyarsa, shi ma ya kamu. Lawrence ya kamu, ya rasa wasa biyu, ciki har da wanda Notre Dame ta doke Clemson ranar 7 ga Nuwamba, inda dubban ɗalibai suka kwarara cikin fili suna rungumar juna. Vanderbilt ta rasa masu bugun ƙafa, ta aro Sarah Fuller, mai tsaron ragar ƙungiyar tamaular mata, ta zama mace ta farko da ta buga a manyan rukunonin biyar. Wasan Michigan da Ohio State, wanda aka fara jerawa kowace shekara tun 1918, shekarar waccan mura, a wannan annobar jerin ya yanke. Sokewar ta bar Ohio State da wasa biyar, doka kuma ta ce sai da shida za a shiga wasan ƙarshe na rukunin. Sai aka taru aka cire dokar. Shahararren wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl aka ɗauke shi daga Kalifoniya zuwa Texas don a samu shigar da 'yan kallo. Ranar 11 ga Janairun 2021 Alabama ta doke Ohio State da 52 da 24, a gaban mutum ƙasa da 15,000.

Maganar zuciya fa? Binciken da Big Ten ta yi kan 'yan wasa 1,597 da suka kamu ya gano kumburin a jikin 37, wato kashi 2.3 cikin ɗari, yawancinsu ba tare da wata alama ba. Adadin bai kai abin da aka ji tsoro ba, amma kuma ba a san shi ba lokacin da aka yanke shawarar bugawa.

Abin da ya kasa komawa yadda yake shi ne da'awar cewa waɗannan samari ɗalibai ne kamar kowa. An riƙa yi musu gwaji kullum a lokacin da ma'aikatan jinya ke jiran sakamako kwana da kwanaki, an ajiye su a haraba bayan an sallami sauran ɗalibai. Shari'ar Alston, wadda 'yan wasa suka ƙalubalanci iyakar da NCAA ta sa wa tallafin da ake ba su, ta girmi korona, amma a Yunin 2021 ne Kotun Ƙoli ta yanke ta, alƙalai tara duka suka ba NCAA rashin gaskiya, alƙali Brett Kavanaugh ya ƙara da cewa tsarin nata haramtacce ne a kusan kowace sana'a a Amurka. Ranar 1 ga Yuli aka bar 'yan wasa su fara karɓar kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun dala biliyan 2.8, wanda ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.