Gona a Fadama, Kwana a Tudu

Maganar tashi daga kwari zuwa tudu saboda ambaliya ta rani ce, shi ya sa nake yin ta yanzu, tun ƙasa na bushe, hanya na biyuwa, hatsi kuma yana cikin rumbu. Idan marka ta kankama ba a zama shawarar ƙaura, gudu ake yi da abin da hannu ya iya ɗauka. Da mutanen kwarin Kogin Haɗejia nake, tun daga Ringim da Taura, a biyo ta Miga da Auyo da Kafin Hausa har Kiri Kasamma da Guri, musamman magidancin da ruwa ya kwana a ɗakinsa fiye da sau ɗaya.

Dattawa za su ce ambaliya ba yau aka fara ta ba, kuma gaskiyarsu ne. A da ruwa kan hau, ya bar kifi da danshin shinkafa, ya janye a kan lokaci. Amma kogin ya canza. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ke gudana rani da damina, rafukan da suka saba ƙafewa suka daina. Ciyawar kachala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da taɓo suka cike sauran. Da an yi ruwa mai yawa a sama, kogi ya rasa inda zai bi, sai ya ɓalle ta cikin gari. Haka aka gani a 2012 da 2018 da 2020. A 2022 kuwa mutum sama da 600 suka rasu a faɗin Najeriya, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ana yankan kachala da injina, matasa na kwana suna ɗaure jinga da buhunan yashi, Allah Ya saka musu. Sai dai jinga tana ba ka lokaci ne kawai, ba ta ɗaga gidan da ke cikin kwari.

Mu ma'aikatan lafiya, aikinmu ya fi yawa bayan ruwan ya janye, lokacin da masu ɗaukar hoto sun tafi. Ka je ka duba gindin bangon ɗakinka. In ka ga layi mai duhu ya zagaye shi, ƙasa na zubowa in ka taɓa da yatsa, ko farin gishiri ya fito kamar an barbaɗa kanwa, to rima ta riga ta ci ginin. Bangon tubali ba ya jiran ranar ambaliya kafin ya faɗi. Yakan sha ruwa a hankali, sai a wani dare da aka yi yayyafi kawai ya zube, kuma mata da yara ne ke kwance a ƙarƙashinsa. Yaɓe daga waje ba ya gyara gindin da ya ruɓe.

Sai rijiya. Ruwan da ya shiga masai shi ne ya shiga rijiyar tsakar gida, ko da an jawo shi ya fito garau. Daga nan amai da gudawa ke farawa, kwalara kuwa tana iya kashe ƙato majiyi ƙarfi cikin sa'o'i. Kududdufan da suka rage suna ƙyanƙyasar sauro cikin kamar kwana 10, shi ya sa makonni kaɗan bayan ambaliya asibiti ke cika da yara masu zazzaɓi da jijjiga. Maciji ma tudu yake nema, yakan fake a rumbu ko cikin tarin dami. Yaran da suka watsu a azuzuwan firamare sun rasa zagayen maganin zazzaɓin damina da ake ba 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata, katin rigakafinsu kuma ya jiƙe ya narke. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mace mai naƙuda da dare, jini na zuba, hanya ta yanke, ana neman mai kwalekwale da tocila.

Na san amsar da ake ba ni. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ɗana, nan aka binne cibiyata, ga kabarin mahaifina can, ina zan je da tsufana?" Na ce, "Baba, ai ba gonar na ce ka bari ba, makwanci kawai za a canza." Fadamar nan ita ce dukiyar. Ita ke ba da shinkafa da alkama da tattasai da albasa, ita ke riƙe mutane da noman rani lokacin da na jigawa ke tafiya cirani. Duk wanda ya zo maka da kuɗi a hannu bayan ambaliya yana taya gonarka, ya san abin da yake yi, kada zafin asara ya sa ka sallama. A bar bukka a gona don hutu da ajiye injin ban ruwa, iyali su kwana a tudu, ko da tafiyar rabin awa ce a babur. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, babu mai musun ƙaddara, amma malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Yadda za a yi ƙaurar shi ne inda mutane ke tuntuɓe. Filin da ka gani a rani yana iya ruɗinka, ko'ina bushe yake. Ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwan 2012 da na 2022 ya tsaya, ka wuce nan sosai, in da hali ka sake zuwa ka gan shi bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ka bi ta wurin mai unguwa da dagaci, a yi ciniki ko kyauta a gaban shaidu, a rubuta. A dokar filaye ta 1978 ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakar fili a karkara, don haka ka nemi takardarta, kada 'ya'yanka su gaji rigima. Kuma kada ka tashi kai kaɗai. Gida ɗaya a tudu ba masallaci, ba maƙwabci, ba mai kawo ɗauki in ɓarayin dabbobi sun zo. In gida goma ko ashirin suka tashi tare, aikin gayya zai yi gini, kuma bakinsu zai fi nauyi wurin neman burtsatse.

A zauna da matan gida tun kafin a kafa tubali na farko. Su ne za su ɗebo ruwa a sabon wurin, kuma na ga iyalan da suka koma kwari saboda nisan rijiya kawai.

Ba sai an gama gida ake tashi ba. A fara da rumbu, domin wanda hatsinsa ya tsira ba ya layin tallafi. Sai ɗaki ɗaya na mata da yara, a ɗaga daɓensa, a sa dutse ko layin bulo biyu zuwa uku a gindi kafin a ɗora tubali. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare da ita.

Wanda bana ba zai iya ba, to ba a fafe gora ranar tafiya. Ya riƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta NiMet da na hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya a rediyo, sukan ambaci ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari tun kafin damina. Ya shirya da ɗan'uwan da zai karɓi mai ciki da tsofaffi daga tsakiyar Yuli. Takardun fili da katin asibiti da na rigakafi a ƙulle su a leda a rataye a azara. In ruwa ya taɓa rijiya, a tafasa duk abin da za a sha ko a sa masa maganin tsaftace ruwa na Water Guard. In gudawa ta kama wani kuma babu ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi ana kan hanyar asibiti.