Jinya da iskar oksijin mai matsi

Jinya da oksijin mai matsi wata hanya ce da ake saka mara lafiya cikin ɗaki na musamman a rufe ruf, a ƙara matsin iskar ciki ya ninka na waje sau 2 zuwa 3, shi kuma yana shaƙar oksijin zalla. Iskar da muke shaƙa kullum kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, to amma a cikin ɗakin nan matsin ke sa oksijin ɗin ya narke cikin ruwan jini kansa har ya kai wuraren da jini baya isa sosai. Wani likitan tiyata a Amsterdam, Ite Boerema, yana cikin waɗanda suka kafa aikin tun wajen 1960.

Inda amfaninsa ya tabbata shine masu nutso irin na gaɓar Bahar Maliya a Jidda da Yanbu, in mutum ya taso da gaggawa daga ƙarƙashin ruwa kumfar iska ta cika masa jini, wannan ɗakin ne maganinsa. Haka wanda ya shaƙi gubar hayaƙin gawayi, abinda ke faruwa da sanyi in aka kunna garwashi aka rufe ɗaki, gubar da sai awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya bar jini, a cikin ɗakin matsin kamar minti 20 da ɗoriya ne. Ana kuma yinsa ga ruɓewar nama, da lahanin da gashin da ake yiwa masu cutar kansa ke bari.

Wanda yafi shafar mutanenmu a nan Saudiyya kuwa gyambon ƙafar masu ciwon suga ne, dan sugan yayi yawa a ƙasar nan. Jalsa ɗaya, wato zama ɗaya a ɗakin, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma akan yi 20 zuwa 40, yana taimakawa wasu gyambunan su haɗe amma fa ƙari ne akan wankin miki da saita suga da gyara jijiyoyin jini, shi kaɗai baya hana yanke ƙafa.

Abinda ke ci min rai shine masu tallarsa ga iyayen yara masu otizim (matsalar da ke shafar magana da mu'amalar yaro), ko dan cutar kansa da ciwon mantuwa, ana karɓe riyal ɗin bayin Allah alhali hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ja kunne cewa ba'a tabbatar yana maganinsu ba.

Illarsa mafi yawa ciwon kunne ne, wasu ganinsu na dushewa na ɗan lokaci, jefi-jefi a samu jijjiga. Mai huhun da ya sace ba'a gyara ba baya shiga sam, kuma ba'a shiga da waya, turare ko man shafawa saboda gobara.