Ba kowane ƙari a ƙoda ne ciwon daji ba

Da likita ya ce an ga ƙari a ƙoda, sai hankalin dangi ya tashi, a ɗauka kansa ce, ƙodar ma sai an cire ta. Ba haka ba ne. Kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan ƙarin ƙoda ba kansa ba ne, ba sa yaɗuwa.

Cikin waɗannan akwai wanda ake kira anjiyomayolifoma, haɗin kitse da tsoka da jijiyoyin jini. Hoton sitisikan, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, kan nuna kitsen ɓaro-ɓaro. Idan bai kai santimita 4 ba, galibi sa masa ido kawai ake yi. In ya girma yana barazanar zubar jini, sai a toshe jijiyar da ke ciyar da shi, ko a yanke shi kaɗai a bar ƙodar. Onkosaitoma, wani ƙarin da shi ma ba kansa ba ne, ita ce mai rikitarwa, don a hoto kamar kansa take, sai an gwada tsokarta a tabbatar.