Mece ce alamar suna a rubutun zane na Nahuatl?

Duk wanda ya taɓa ganin hoton tsofaffin kundayen mutanen Aztek na ƙasar Meziko zai lura cewa kusan kowane sarki an zana shi ne zaune kan tabarma, sai kuma ga wani ɗan ƙaramin zane a bayan ƙeyarsa an haɗa shi da kansa da siririn layi. To wannan ɗan zanen shi ne sunan mutumin, shi ake kira alamar suna, kuma da harshensu na Nahuatl ake karanta shi.

Abin ya zo masu da sauƙi ne saboda sunayensu masu ma'ana ne. Chimalpopoca garkuwa ce mai hayaƙi, sai mai zanen, wanda suke ce wa tlacuilo, ya zana garkuwa hayaƙi na tashi daga cikinta. Acamapichtli hannu ne ya damƙi kara. Itzcoatl kuwa maciji ne da aka jera masa tsinin baƙin dutsen nan mai kaifi da suke yin wuƙa da shi a gadon bayansa. Duk waɗannan suna cikin kundin Mendoza da aka yi wajen 1541, yanzu haka yana Oxford a Ingila.

Amma ni inda abin ya fi burge ni shi ne wurin da hoto ya koma sauti. Bayan Sifaniyawa sun ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521 sai ga baƙin sunaye da ba su da wata ma'ana a Nahuatl, to ya za a yi da su? Gwamna Antonio de Mendoza, wakilin sarkin Sifaniya a Meziko, an zana masa wani tsiro mai kaurin ganye da ƙaya da suke kira metl da wata dabba mai haƙa rami da suke kira tozan, ka haɗa farkon kalmomin sai ka ji "metoza", kusa da yadda bakinsu ke faɗin sunan. Wallahi wannan hikima ce, shi ya sa nake jin haushi idan aka ce wai mutanen nan ba su da rubutu sai zane.

Kuma ba sarakuna kaɗai ba ne. Rajistar haraji ta garin Huexotzinco ta 1560 tana ɗauke da dubban kawunan talakawa, manoma da masu sana'a, kowa da alamar sunansa a gefen fuskarsa, an kuma rubuta sunan da haruffan boko a kusa, abin da ke taimaka wa masu bincike a yau wajen karanta alamomin.