Wasan kwaikwayon ɗalibai da binciken fasaha a Maraɗi

Wasan kwaikwayon ɗalibai a Maraɗi ya ƙunshi wasannin dandali, raye-raye, waƙe da barkwanci da 'yan makarantun sakandare da na jami'a ke shiryawa a cikin makarantunsu ko a dandalin gari. Ana haɗa shi da binciken da ɗaliban jami'a ke yi a kan fasahohin gargajiya na yankin, domin tun zamanin Turawa abubuwan biyu tare suka taso. A bakin mutanen Nijar an fi kiran wasan dandali da "teyatur", kalmar da aka aro daga Faransanci, ko da yake "wasan kwaikwayo" ita ce ta littafi da rediyo. Maraɗi ta daɗe da 'yan wasa kafin ta samu jami'a, kuma jami'ar da ta samu an gina ta ne a kan kimiyya. Saboda haka yawancin abin da ɗalibai ke hawa dandali da shi daga cikin gari suka gado shi.

Tushe a gargajiya

Maraɗi ta zama mazaunin sarakunan Haɓe na Katsina bayan da masu jihadi suka karɓe birnin Katsina a wajajen 1807. Ana danganta kafuwar sarautar da Ɗan Kasawa, a wani lokaci cikin shekaru goma sha da suka biyo baya. Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan daga nan. Waɗannan fadoji biyu sun riƙe abubuwa da dama da suka raunana a ƙasashen da jihadi ya ci: makaɗan fada da maroƙa, bukukuwan Anna, wato Hausawa masu bin addinin gargajiya, da sarautun mata masu kula da bori, wato Iya a Maraɗi da Inna a Gobir. Wannan ne ya sa masu bincike na Turai suka yi ta zuwa kwarin Gulbin Maraɗi a shekarun 1960 da 1970. Guy Nicolas ya yi nazarin al'ummar kwarin, Jacqueline Monfouga-Nicolas kuma ta yi na bori.

Banda na fada, akwai wasannin da kowane yaro ya sani. Tashe na watan azumi shi ne makarantar farko ta yawancin 'yan wasa. Yaro ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsumma a riga ya yi ƙusumbi, ya dogara sanda, abokansa na amshi suna bin gida gida, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. 'Yan kama suna kwaikwayon malamai da wa'azin abinci. 'Yan gambara suna zambo da habaici a kasuwa. Wasan kara, wanda aka fi sani da ƙasar Damagaram, ya fi kowanne kusa da teyatur na zamani: bayan kaka samari sukan raba wa kansu muƙaman sarki, kwamanda, alƙali da soja, su ƙera bindigogi da lambobin girma da na'urar ɗaukar hoto da karan dawa, su yi ta kwaikwayon masu mulki a gaban masu mulkin kansu.

Makarantar Ponti

Al'adar haɗa bincike da wasa a hannun ɗalibi ta faro ne a makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikata daga duk yankunan da take mulka a Afirka ta Yamma. A shekarun 1930, musamman da zuwan wani malami mai suna Charles Béart, an riƙa ba ɗalibai aikin hutu: kowa ya koma gida ya tambayi dattawa wata al'ada, tarihi ko tatsuniya, ya rubuto da Faransanci. Daga cikin rubuce-rubucen ne ɗaliban kowace ƙasa ke fitar da wasan da za su nuna a bikin ƙarshen shekara, da magana cikin Faransanci da waƙoƙi cikin harsunan gida. A 1937 an kai wasu daga cikinsu birnin Paris suka yi wasa.

'Yan Nijar da suka ratsa makarantar, irin su Bubu Hama, Diori Hamani da Jibo Bakari, sun dawo da wannan ɗabi'a, kuma malaman da suka biyo bayansu suka watsa ta a makarantun ƙasar. Bikin raba kyaututtuka na ƙarshen shekara, da ɗan wasan da ake yi a gaban iyaye da hukuma, daga nan ya samo asali. Masu suka suna ganin wasan Ponti ya nuna gargajiya ne yadda mai mulki ke son ganin ta. Masu kare shi suna cewa a nan ne aka fara ɗaukar tarihin baka a matsayin abin nazari.

Zamanin samariya

Wannan shi ne lokacin da teyatur na Hausa ya fi ƙarfi a Nijar, kuma shi ne aka fi rubutu a kansa. Tun zamanin shugaban ƙasa Diori Hamani ana yin makon matasa, amma bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974 ne gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, tsohuwar ƙungiyar samarin gari mai sarkin samari da muƙarrabansa, ta mayar da ita hanyar tattara matasa a kowace unguwa da kowane ƙauye. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagaya manyan biranen jihohi shekara shekara. Maraɗi ta karɓi baƙuncinsa a wajajen ƙarshen shekarun 1970.

Gasar hawa hawa ce. Unguwa ta kara da unguwa, gunduma da gunduma, sannan jiha ta zaɓi waɗanda za su wakilce ta a wasan kwaikwayo, rawa, waƙa da kiɗa. Gwamnati kan nuna jigogin da take so, kamar haɗin kan ƙasa, yaƙi da cin hanci, tsadar aure, gudun ƙauye zuwa birni da dashen itatuwa. Duk da haka 'yan wasa sun iya shigar da abin da suke so ta bayan fage, musamman ta bakin wawa ko dogari ko tsohuwa mai tsegumi, waɗanda ba a kama su da laifin magana.

Abin da ya bambanta wannan teyatur da na littafi shi ne yadda ake ƙera shi. Ba a rubuta wasa baki da baki. Shugaban ƙungiya ya kawo labari, a zauna a tattauna, a yanka shi fita fita, a rubuta jerin fitowar a 'yar takarda guda. Sai a ba kowa matsayin da ya dace da shi, shi kuma ya nemo maganarsa. A gwaji na farko fitowar kan yi tsawo, kowa na zuba. A hankali ake rage ta, karin maganar da ta sa dariya ta zauna, wadda ba ta ci ba ta faɗi. Ko ranar wasa magana ba ta daskare ba, domin ɗan wasa na sauraron 'yan kallo, in sun yi shewa ya ƙara, in sun yi shiru ya wuce. Janet Beik, wata Ba'amurkiya da ta bi ƙungiyoyin wasa a farkon shekarun 1980, ta kira shi fasahar baka ta zamani a nazarin da ta buga a 1987. Ƙungiyar gidan rediyon Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ita ta fi kai wannan salo kunnuwan jama'a ta rediyo da talabijin.

Malaman makaranta da ɗaliban kwaleji da lise, wato ƙaramar sakandare da babba, suna da yawa a cikin waɗannan ƙungiyoyi, sai dai sun yi wasa ne tare da tela da direba da ɗan kasuwa, a gidan matasa da al'adu. Bayan rasuwar Kunce a 1987, da Taron Ƙasa na 1991, samariya ta watse, kuɗin gwamnati ya janye. Ƙungiyoyin da suka rage suka koma yin wasannin faɗakarwa da ƙungiyoyin agaji ke biya, a kan rigakafi, ƙanjamau, tazarar haihuwa da karatun 'ya'ya mata. A daidai lokacin ne kuma kasakasan finafinan Kano suka cika kasuwar Maraɗi.

Jami'o'i

Jami'ar gwamnati ta Maraɗi ta fara a 2008 a matsayin cibiyar koyon fasahar ƙere-ƙere, ta zama cikakkiyar jami'a a 2010 tare da na Damagaram da Tawa. Daga baya aka sa mata sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, haifaffen Maraɗi, masanin kimiyya da ya riƙe ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu magana da Faransanci daga 1974. Darussanta sun karkata ga kimiyya, aikin gona da muhalli, lafiya da injiniyanci. Ɗan Maraɗi mai son adabi, harsuna ko tarihi yakan nufi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Damagaram da ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi kuma marubucin wasan kwaikwayo. A Yamai ne aka buɗe sashen fasaha da al'adu a wajajen tsakiyar shekarun 2010, da jagorancin Farfesa Antoinette Tidjani Alou.

Akwai kuma jami'o'i masu zaman kansu a garin, ciki har da Jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a 2013, mai koyarwa da Ingilishi, wadda ɗalibai daga Najeriya suka yi yawa a cikinta.

Wasu ɗaliban suna tsallaka iyaka. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya shahara tun tsakiyar shekarun 1970, lokacin Michael Etherton, da tura ɗalibai unguwar Samaru da ƙauyuka su saurari matsalolin mutane, su ƙera wasa da su, su mayar musu. Wannan hanya ta yi kama da ta samariya ta fuskar rashin rubutu, sai dai ita maki ake ba ɗalibi a kanta.

Wasa a harabar jami'a

Da yake ba darasi ba ne, wasan yana hannun ƙungiyoyin ɗalibai: reshen ƙungiyar ɗaliban Nijar ta USN, kulob na sassa, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya. Lokutansa su ne tarbar sababbin ɗalibai, makon al'adu da bikin kammala karatu. Ranar 9 ga Fabrairu, da ake tunawa da ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990, ta fi zama ta jawabai da waƙe.

Wasannin gajeru ne, na minti goma zuwa ashirin, a ɗakin lacca ko a fili, da tebur da kujeru biyu da makirufo ɗaya da ake miƙa wa juna. Jigoginsu ba sa nisa da rayuwar mai kallo: jinkirin kuɗin alawus, layin gidan abinci, malami mai rowar maki, ɗan ƙauye da ya zo birni karatu. Harshen gauraye ne. Mai kwaikwayon malami ko jami'in gwamnati da Faransanci yake magana, uwa da maigadi da mai tuwo da Hausa, kuma dariya takan fito ne daga inda harsunan biyu suka yi karo. A daren al'adu kowace ƙabila kan fito da tufafinta da rawarta, a kwaikwayi ɗaurin aure ko naɗin sarauta. Waƙar baka ta zamani da ake kira silam ta samu shiga sosai a 'yan shekarun nan, kuma wayar hannu ta sa wasa kan kai WhatsApp da TikTok kafin a kwashe kujeru.

Binciken ɗalibai

A tsarin karatu na yanzu, digirin farko, wato lisansi, shekara uku ne, sai masta shekara biyu. Wasu sassa kan nemi ɗan rahoto ko ƙaramin kundi a ƙarshen lisansi. Babban kundi a masta ake yin sa. Batutuwan da suka shafi Maraɗi da ɗaliban adabi, harshe da zamantakewa ke ɗauka sun haɗa da kirarin sarakuna, waƙoƙin daka da na aure, tatsuniya, kiɗan bori, da kirarin 'yan kokawa, wasan da Maraɗi ke alfahari da shi tun da Kantu ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975.

Aikin bai canza sosai daga na Ponti ba. Ɗalibi ya koma gida da hutu, ya nemi makaɗi ko tsohuwa, ya kai goro, ya naɗi murya, a da da kaset, yanzu da waya. Wahalar tana wajen rubutawa. Sai ya zaɓi ko zai bi Hausar da ya ji, ta Katsinanci da Gobiranci, ko daidaitacciya. Ko zai rubuta ƴ kamar yadda ƙa'idar Nijar ta 1999 ta tanada, ko 'y irin ta Najeriya. Sannan ya fassara komai zuwa Faransanci, inda habaici da zambo kan rasa rabin gishirinsu. A ranar kare kundi malamai kamar uku ke zama, a ba shi 'yan mintoci ya yi bayani, a yi masa tambayoyi, a ba shi maki a kan 20, dangi na jira a waje da abinci. Mafi yawan kundayen ba a buga su. Suna nan a ɗakunan karatu na sassa. Muryoyin da aka naɗa tun da daɗewa kuma suna cibiyoyin bincike na Yamai, wato IRSH mai nazarin al'umma da CELHTO mai nazarin harsuna da tarihin baka.

Saɓani

Malaman addini a Maraɗi sun sha bamban a kan kiɗa, rawa da cuɗanyar maza da mata a dandali. A Nuwamban 2000 zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe zuwa tarzoma a garin, aka kai hari kan mashaya da wasu wurare. Bori ya fi fitowa a takardar bincike fiye da dandalin makaranta.

Wuraren wasa da harshe

Babban dandalin gari shi ne gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga, sai filin kokawa. An yi wa garin gyare-gyare a 2015, lokacin bikin ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Maraɗi Kwalliya. A Maris na 2025 sabon kundin mulkin riƙon ƙwarya ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.