Waiwaye: Yadda bashin mota ya zame wa talakan Amurka ƙarfen ƙafa

Masu ba da bashi a Amurka suna da wata magana da suka daɗe suna kwantar da hankalinsu da ita: mutum zai iya kwana a cikin motarsa, amma ba zai iya tuƙa gidansa zuwa wurin aiki ba. Abin da suke nufi shi ne, idan rayuwa ta cuɗe wa Ba'amurke zai bar bashin katin banki ya taru, zai ja ƙafa wajen biyan kuɗin gida, amma kuɗin mota sai ya biya ko da zai kwana da yunwa. Da zarar ka fita daga 'yan manyan birane irin su New York, motar haya ta kirki ta yi wuya, babu ɗan acaɓa, babu a-daidaita-sahu. Wanda ya rasa mota, aikinsa ma yana hanyar tafiya.

Shi ya sa alƙaluman 2025 suka tayar da hankali. Kamfanin Fitch, mai bin diddigin basussuka, ya ce a watan Janairu kashi 6.56 cikin 100 na masu ƙaramin ƙarfi da suka ci bashin mota sun yi kwana 60 ko fiye ba su biya ba. Tun da aka fara ajiye wannan lissafi a farkon shekarun 1990 ba a taɓa kaiwa haka ba, kuma a watan Oktoba abin ya ƙaru zuwa 6.65. Kamfanin Cox Automotive ya ƙiyasta cewa motoci kimanin miliyan 1.7 aka ƙwace daga hannun masu su a 2024, rabon da a ga irin haka tun 2009. Jimillar bashin mota da ke kan Amurkawa kuwa ta haura dala tiriliyan 1.6.

Tushen abin ya fi shekara ɗari. Henry Ford, wanda ya fito da Model T a 1908 ya sa mota ta zo hannun talaka, mutum ne da ya tsani bashi. A 1923 ya ɓullo da wani tsari mai kama da asusu: kana kai wa dillali dala biyar duk mako, sai ranar da kuɗin suka cika ka karɓi mabuɗi. Abokin hamayyarsa General Motors ya riga ya bi wata hanyar daban. Tun 1919 ya kafa reshen ba da lamuni mai suna GMAC, inda za ka ajiye kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ka tafi da motarka a ranar, ka biya sauran cikin shekara guda. Jama'a suka zaɓi na biyun. A 1928 dole Ford ya sauko ya buɗe nasa kamfanin bashin, kuma kafin ƙarshen shekarun 1920 yawancin sababbin motoci a bashi ake sayensu.

Daga nan wa'adin ya yi ta tsawo. Shekara ɗaya ta koma uku, uku ta koma biyar. Yau wata 72 ya zama ruwan dare, kuma fiye da ɗaya cikin biyar na masu cin bashin sabuwar mota suna sa hannu ne a kan wata 84, wato shekara bakwai cur. A ganina nan ne zuciyar matsalar take. Idan ka shiga wurin dillali, da wuya ya tsaya kan farashin motar. Tambayarsa ita ce, nawa za ka iya biya a wata? Ka faɗi adadi, shi kuma ya ja wa'adin har lissafin ya zo daidai da bakinka. Ka fita kana murna, alhali an ɗaure ka.

Bari mu duba lissafin da kyau. A ce mace ce mai aikin shara a asibiti, makinta na biyan bashi bai kai 620 ba, wanda a can alama ce ta mai rauni. Ta ɗauki tsohuwar mota ta dala 20,000 da kuɗin ruwa kashi 20 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne ga irinta. A wata 72 za ta riƙa biyan kusan dala 480 duk wata. Ranar da ta gama, ta biya kimanin dala 34,500 a kan motar da mai yiwuwa ta daɗe da fara kwana a wurin bakanike. Mai kuɗi da ya sayi irin wannan motar ba zai biya ko rabin wannan ruwan ba. Mu da muka taso ana ja mana kunne a kan riba, idan muka ga irin wannan lissafi sai jikinmu ya yi sanyi.

Rikicin tattalin arziki na 2008 ya girgiza kasuwar. Cinikin sababbin motoci ya faɗo daga sama da miliyan 16 a 2007 zuwa kimanin miliyan 10.4 a 2009. Chrysler da General Motors duka suka durƙushe a 2009, gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 80 ta ceto masana'antar, GMAC kuma ta sake suna zuwa Ally a 2010. Amma masu zuba jari sun lura da abu ɗaya: a tsakiyar wannan bala'i mutane sun bar gidajensu, sun riƙe motocinsu. Sai kuɗi suka kwararo cikin harkar bashin mota. Ana tattara dubban basussuka a ƙulle su wuri ɗaya a sayar wa masu jari a matsayin takardun hannun jari, wanda ya ba da bashin ya karɓi kuɗinsa ya sake ba wa wasu. Wanda ba shi zai jira a biya shi ba, me zai sa ya tsananta bincike? Wasu kamfanonin har na'ura suke maƙalawa a motar, wadda ke nuna inda take, kuma tana hana ta tashi idan an makara biya. A farkon 2019 reshen babban bankin Amurka na New York ya sanar cewa mutum miliyan 7 sun yi aƙalla kwana 90 ba su biya ba. A 2020 kamfanin ba da bashin mota Santander Consumer USA ya amince da sulhu na kusan dala miliyan 550 da jihohi fiye da talatin da suka zarge shi da ba mutane bashin da ya san ba za su iya biya ba.

Sai korona ta zo. Masana'antu suka tsaya, ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci suka yi ƙaranci, sababbin motoci suka ɓace daga wurin dillalai. Farashin tsofaffi ya tashi da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A lokacin akwai tallafin gwamnati a aljihun mutane, kuɗin ruwa kuma yana ƙasa, don haka aka yi ta saye a farashin da ba zai ɗore ba. Daga Maris 2022 babban bankin ya fara ɗaga kuɗin ruwa, daga kusan sifiri har ya wuce kashi 5 a 2023. Kuɗin inshora da na gyara da na haya da na cefane duk suka hau, darajar motocin kuma ta sauka. Mutum sai ya wayi gari bashin da ke kansa ya fi kuɗin motar. Idan ya je musanya ta, a ɗora ragowar tsohon bashin a kan sabon.

Motoci masu araha ma sun ƙare. Tun 2018 Ford ya sanar da daina sayar da ƙananan motocinsa irin su Fiesta da Fusion a Amurka, ya koma kan manya masu kawo riba. A watan Satumba na 2025 matsakaicin farashin sabuwar mota ya haura dala 50,000 a karon farko, bayan harajin kashi 25 da Shugaba Trump ya ɗora wa motocin waje a Afrilu. A watan ne kuma Tricolor, wani kamfani a Texas da ke sayar da tsofaffin motoci a bashi, galibi ga baƙin haure masu jin Sifaniyanci, ya rushe farat ɗaya, ana zarginsa da jinginar da basussuka iri ɗaya ga bankuna daban-daban. Bankin JPMorgan ya yi asarar dala miliyan 170 a sanadin haka. Shugabansa Jamie Dimon ya ce idan ka ga kyankyaso ɗaya, to da alama akwai wasu.

Ko wannan zai zama wani 2008? Ban ga alama ba. Bashin gidaje ya ninka na motoci sau bakwai ko fiye, masu hali kuma suna biyan nasu lafiya lau, su ne ma suke riƙe da kasuwar sababbin motoci yanzu. Haɗarin da ke gaban kasuwar shi ne idan masu ba da bashi suka tsorata suka tsuke hannu, masu saye za su ragu, motocin da aka ƙwace su cika wuraren gwanjo, farashi ya ƙara faɗuwa, wasu dubbai su sake nutsewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne banki yana da mafita, mai bashin ba shi da ita. A yawancin jihohi ba a buƙatar zuwa kotu kafin a ɗauke mota. Motar janwe takan zo da tsakar dare, da asuba mutum ya fito da kayan aiki a jikinsa ya tarar da fili, wani lokaci har kujerar jariri tana ciki. A sayar da ita a gwanjo da arha, sannan a aiko masa da takardar ragowar kuɗin da bai cika ba, haɗe da ladan janwe.

Wani ɓangare na motocin gwanjon Amurka a jirgin ruwa yake ƙarewa, ya sauka a Legas ko Kwatano, daga nan ya zama tokumbo a filayen dillalai na Kano da Kaduna da Maraɗi. Yawancinsu masu haɗari ne da kamfanonin inshora suka sallama, amma akwai waɗanda bashi ne ya fito da su. Dillalanmu suna sa ido kan farashin can, sai dai tun da naira ta faɗi a 2023, ragin da ake samu a dala yakan narke tsakanin canji da kuɗin kwastan kafin motar ta bar tashar Tin Can.