Abin da doka ta ce kan mazubin kayan kwalliya da masu buƙata ta musamman

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019, ta fi mayar da hankali kan gine-ginen jama'a, sufuri, ilimi, lafiya da ɗaukar aiki. Ta bayar da wa'adin shekara 5 domin a gyara gine-gine, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutumin da ya nuna wariya, da naira miliyan 1 ga kamfani. Sai dai ba ta wajabta wa masu yin man shafawa ko sabulu su yi mazubin da makaho zai gane, ko murfin da mai raunin hannu zai iya buɗewa ba.

Kayan kwalliya suna ƙarƙashin NAFDAC ne, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, kuma ƙa'idarta ita ce a rubuta sunan kayan, da sinadaran da ke ciki, da adireshin mai yin su, da ranar lalacewa, da lambar rajista. Wannan tanadi ne mai kyau, amma an gina shi bisa zaton cewa kowane mai saye yana gani. Matar da ba ta gani, idan ta shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna, za ta iya shafa kwalabe biyu masu siffa ɗaya, ɗaya man shafawa ne na yau da kullum, ɗayan kuma man bilicin, ba ta da abin dogaro sai amanar mai shago. Haka nan dattijon da ya yi shanyewar ɓarin jiki yakan ɗauki murfi mai santsi ya danne kwalbar da gwiwoyinsa, ko ya kai ga haƙori, kafin ya shafa mai lokacin hunturu.

Ko a Tarayyar Turai, inda aka wajabta rubuta sunan magani da rubutun makafi a jikin kwali tun 2005, ba a faɗaɗa wajibcin zuwa kayan kwalliya ba. Abin da ake gani ganin damar kamfanoni ne: L'Occitane ya fara sanya rubutun makafi tun 1997, Herbal Essences kuma ya sanya alamomin da yatsa ke ji domin a bambance sabulun wanke gashi da man laushinsa.

A ganina, gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka daga majalisa, domin NAFDAC na da ikon sabunta ƙa'idojinta na lakabi, kuma alamar da ake shafawa da yatsa ta fi rubutun makafi amfani a nan, tunda makafi da yawa ba su samu damar koyonsa ba.